Idan Jami'a Ta Soke Ƙungiyarku: Yadda Za Ku Yi Da Suna, Kuɗi, Kaya Da Mambobi

Takarda ɗaya daga ofishin kula da harkokin ɗalibai ta isa ta soke rajistar ƙungiya. Sai dai takardar ba ta biyan mai buga kalanda na Samaru da yake bin ku bashi, ba ta rufe asusun banki, ba ta faɗa muku inda za ku kai kujeru da lasifika, ba ta kuma raba mutanen da suka riga suka shaƙu. Duk wannan yana kan shugabannin da abin ya faɗo a zamaninsu. Kuma yawancin ɓarnar da ke biyo bayan sokewa, a watanni ukun farko ake yin ta, wani cikin fushi, wani cikin sakaci.

Inda aka fi daɗewa ana wannan dambarwa shi ne Amurka. Can akwai ƙungiyoyin zumunci na ɗalibai, na maza daban na mata daban, masu sunaye da haruffan Girka biyu ko uku. Ta farko, Phi Beta Kappa, an kafa ta a 1776 a kwalejin William and Mary. Ba irin ƙungiyoyin asirin da muka sani da adda da bindiga ba ne. Suna da rajista, suna da gidaje da allon suna a ƙofa, har Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah ma 'yan ɗaya daga cikinsu ne, wato Phi Beta Sigma. Amma suna da nasu ciwon: shan giya ba kan gado, cin zarafin mata, wariya wajen ɗaukar mambobi, da gwale-gwalen sababbin shiga wanda ya sha yin sanadin mutuwar ɗalibai. Saboda haka tun 1962, lokacin da kwalejin Williams ta fara raba gari da su, makarantu ke ta sokewa: Colby da Amherst a 1984, Bowdoin a 1997, Alfred a 2002, Swarthmore a 2019, Bloomsburg a 2021. Shekara sittin da wani abu ke nan ana ganin abin da ke biyo baya, kuma ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, na harabar Samaru ko Kongo, da ke riƙe da ƙungiyar jiha, ta ƙaramar hukuma, ta sashe ko kulob zai amfana da shi.

Reshen irin waɗannan ƙungiyoyi a Amurka kamar tukunya yake a kan duwatsun murhu uku. Na ɗaya amincewar jami'a, wadda ke ba da damar taro da ɗaukar sababbi. Na biyu uwar ƙungiya ta ƙasa, mai suna da tambari da inshora. Na uku tsofaffin ɗalibai, waɗanda galibi su ke da gidan ta hannun wani kamfani da suka yi wa rajista. Jami'a nata dutsen kaɗai take iya zarewa. Ko tukunya ta kife ko ta tsaya, ya danganta da sauran biyun. To ku fara da wannan tambaya: ban da jami'a, me muke tsaye a kai? Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi da aka kafa a Legas a 1954, da ta ɗalibai Kirista da ta faro daga Gindiri a 1957, suna da uwa a ƙasa. Ƙungiyar 'yan gari ɗaya tana da dattawan gida da tsofaffin ɗalibai. Kulob ɗin wasan kwaikwayo ko na muhawara yawanci ba shi da kowa sai jami'ar, don haka makomarsa daban ce.

Ku fara gane wace irin sokewa ce

Kada ku yi aiki da jita-jita ko hoton sanarwa da aka tura a WhatsApp. Sakatare ya je ofis ya karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata, a zauna a karanta shi layi-layi tare da uban ƙungiya, wato malami ko babban da ke tsaya mata. Kalmar "an soke" tana ɗauke da abubuwa huɗu da ba su yi kama da juna ba.

Akwai dakatarwa ta wa'adi, zango ɗaya ko shekara, wadda ake dawowa bayanta idan an cika sharuɗɗa. Akwai janye amincewa, inda jami'a ke cewa ba ta san ku ba: babu ɗakin taro, babu amfani da sunanta, babu manna fosta. Haka Bloomsburg ta yi a watan Mayun 2021, ta yanke hulɗa da duka rassan a lokaci ɗaya. Akwai rufewa a hankali: Bowdoin ta hana ɗaukar sababbi daga 1997, ta bar waɗanda ke ciki su kammala, ƙofa ta rufu a 2000. Sai mafi tsanani, haramta zama mamba ko da a wajen makaranta ne. Amherst ta kai ga wannan a 2014, bayan ta ga rassan da ta kora tun 1984 sun shekara talatin suna harkarsu a cikin gari.

Bambancin na biyu da na huɗu shi ne bambancin kammala digiri da kora. Idan takardar ba ta fayyace ba, ku rubuta wasiƙa gajeriya ku tambaya: daga wace rana dokar ta fara aiki? An yarda a yi taro ɗaya na rufe lissafi, kuma a ina? Zama mamba a wajen harabar jami'a laifi ne? Yaushe za a mayar da makullin ofis, kuma wa zai karɓa? Akwai damar ɗaukaka ƙara, cikin kwana nawa? Ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin "an karɓa". Amsar baki daga ma'aikaci ba za ta tsaya muku a gaban kwamitin ladabtarwa ba.

Makon farko

Ku tsayar da komai a ranar: karɓar kuɗin wata, sayar da fom, liyafar da aka shirya, ɗinkin riguna. Sanarwa ɗaya ta fita daga bakin shugaba, a rubuce, mai faɗin abin da ya faru da abin da aka hana, ba tare da zagin kowa ba. A mayar da zauren WhatsApp ya zama masu kula kaɗai ke iya rubutu, na ɗan lokaci. Maganar da wani ɗan aji biyu zai rubuta cikin zafin rai da tsakar dare, hotonta zai iya zama hujja a kan shugabanni duka.

Abin da ba a yi: goge saƙonni, ƙona takardu, kwashe kaya daga ofis da dare. Idan akwai bincike, ɓoye takarda laifi ne sabo, sau da yawa ma ya fi na farkon nauyi. Lokacin da Colby ta sanar da hukuncinta a farkon 1984, ɗalibai sun tara kayan ɗaki sun cinna musu wuta a fili. Hukuncin bai canza ba, kayan ne kawai suka tafi.

Batun zanga-zanga kuwa, Zariya ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani. An rasa rayukan ɗalibai a nan a rikicin 1978, an kuma rasa a ranar 23 ga Mayun 1986. Rajistar kulob ba ta kai a tara jama'a a bakin geti ba.

Kuɗi da kaya

A nan zumuncin shekaru yake lalacewa, don haka a nan za ku fi ɓata lokaci. A kafa kwamitin mutum uku zuwa biyar: ma'aji, sakatare, mamba ɗaya da ba ya cikin shugabanni, da uban ƙungiya ko wani tsohon ɗalibi a matsayin shaida. A ciro bayanin asusu daga banki tun daga ranar da wannan shugabancin ya karɓi aiki, a gwada shi da littafin rasit.

Kuɗin da ke asusu ba duka ne na ƙungiya ba, kuma jerin fitar da shi yana da tsari. Farko amana: kuɗin da aka karɓa don wani abu takamaimai da ba a yi ba. Na biyu bashin mutanen waje. Abin da ya rage shi ne dukiyar ƙungiya. A ɗauka akwai ₦480,000 a asusu. Mutum 30 sun biya ₦3,000 kowanne na rigar da ba a ɗinka ba, ₦90,000 ke nan, a mayar wa kowa nasa. An tara ₦120,000 don wani mamba da ke kwance a asibitin Shika, a kai masa ko a miƙa wa iyalinsa da shaida. Mai buga takardu yana bin ₦65,000, mai hayar rumfa da kujeru ₦25,000. Abin da ƙungiya ta mallaka na gaskiya ₦180,000 ne. Shugabannin da suka fara da tambayar "nawa kowa zai samu" daga cikin ₦480,000 sun riga sun ci amana ba su sani ba.

Ragowar ma ba a rabawa kai tsaye. A duba kundin tsarin mulkin ƙungiya, ko akwai sashen rushewa. Idan babu, taron mambobi ne zai yanke, a rubuta, a sa hannu. Shawararmu kada a raba wa mambobi. Yawancin kuɗin irin waɗannan ƙungiyoyi gudummawa ce daga wani ɗan kasuwa, ɗan majalisa ko tsohon ɗalibi, wanda ya bayar don aikin ƙungiya, da yawa ma da niyyar sadaka. Waɗanda suka yi sa'ar kasancewa a makaranta a shekarar sokewa ba su fi waɗanda suka tara kuɗin shekara biyar baya haƙƙi ba. A miƙa wa uwar ƙungiya, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko a biya wa mabuƙata daga cikin mambobi kuɗin rajistar zango. Idan akwai abin da aka bayar a matsayin waƙafi, kamar littattafai ko tabarmin salla, a tambayi malami kafin a taɓa.

Matsalar da ta fi kama mutane ita ce masu sa hannu. Asusun ƙungiya yakan kasance da mutum biyu ko uku, kuma bankuna kan nemi ƙudurin taro, wani lokaci da wasiƙa daga makaranta, kafin su canza su. Da zarar an soke rajista, samun wannan wasiƙa ya zama aiki. Idan aka yi jinkiri, ɗaya ya tafi bautar ƙasa a Ebonyi, ɗaya ta yi aure ta koma Sakkwato, kuɗi ya maƙale. Asusun da ya shekara ba a taɓa shi ba banki zai ɗauke shi a matsayin wanda ya kwanta, farfaɗo da shi kuma sai an koma da takardu, takardun da ƙungiyar da aka soke ba ta da su. Don haka a gama biyan kowa a rufe asusun tun masu sa hannu suna Zariya, a karɓi takardar rufewa. In kuwa kuɗin yana cikin asusun ma'aji na kansa, kamar yadda ƙananan ƙungiyoyi da yawa ke yi, a fitar da shi cikin kwana bakwai. Ba zargi ba ne. Mutum yana iya rasuwa, kuɗin ya shiga gado.

Kaya kuma a rubuta su ɗaya-ɗaya: kujeru nawa, lasifika, janareta, firinta, allon sanarwa, kofunan gasa, da yanayin kowanne. A ware na jami'a, a mayar da shi tare da makulli, a karɓi sa hannun wanda ya karɓa. Kujera goma da ba a mayar ba tana iya tsayar wa shugaba takardar sallama a shekarar ƙarshe. Na aro a mayar wa masu shi. A Amurka wannan mataki shi ya fi cin lokaci, saboda gidaje ne na miliyoyin daloli: inda filin na makaranta ne ta karɓe abinta, inda na tsofaffin ɗalibai ne sai an yi ciniki, wasu suka sayar wa makarantar, wasu suka bayar kyauta. A nan idan kuna hayar ɗaki ko shago a Samaru ko Hayin Dogo, ku duba sunan wa ke kan yarjejeniyar, don shi mai gida zai bi.

Rajistar mambobi ita ma dukiya ce mai haɗari: sunaye, lambobin waya, hotuna. Kada ta bi hannun 'yan siyasa ko masu talla. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana a yi amfani da su ba da yardar masu su ba. Kwafi ɗaya a hannun amintaccen mutum ya isa. Shafin Facebook da adireshin imel a canza musu kalmar sirri, a cire sunan jami'a da tambarinta.

Ɗaukaka ƙara

Idan kuna ganin an zalunce ku, ku bi matakala: wasiƙa ta hannun uban ƙungiya zuwa shugaban sashen harkokin ɗalibai, daga nan shugaban jami'a. Shafi biyu sun isa. Ku faɗi abin da ƙungiya ke yi da hujja, ku amsa laifin da ya tabbata, ku kawo gyaran da za a iya aunawa: an cire wane daga muƙami, za a riƙa miƙa lissafi kowane zango, ba taro bayan magariba. Wasiƙar da ta cika da "haƙƙinmu ne" ba tare da tayin gyara ba, a fayil take ƙarewa.

Kotu tana nan. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin kafa ƙungiya, sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi don zaman lafiya, sashe na 36 kuma ya wajabta a saurari mutum kafin a hukunta shi. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri a 1986, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗalibai saboda ba a yi musu adalcin sauraro ba. Amma ku lura, wannan ya fi amfanar ɗalibin da aka kora fiye da ƙungiyar da aka janye wa rajista, domin rajista dama ce da makaranta ke bayarwa bisa sharaɗi. Ku ga lauya da wuri, saboda dokar kare jami'an gwamnati ta sa wa'adin wata uku na shigar da ƙara a kan hukuma.

Ku kuma auna lokaci. A 2016 Harvard ta ce duk ɗalibin da ke ƙungiyar jinsi ɗaya ba zai shugabanci ƙungiyar da jami'a ta amince da ita ba, ba zai zama kyaftin ɗin wasa ba, ba za a kuma tsaya masa wajen neman manyan guraben tallafin karatu ba. Aka kai ƙara a ƙarshen 2018, jami'ar ta janye dokar a Yunin 2020. Kafin nan ƙungiyoyin mata sun riga sun rufe ko sun rikiɗe, na maza masu gidaje da tsofaffin mambobi masu kuɗi su ne suka jure. An sami biyan buƙata, amma waɗanda suka fi rauni ba su kai ranar ba. A nan ma haka abin zai kasance. Ƙungiyar ɗalibai mata da ke taro a ɗakunan kwana na Amina ko Ribadu ba ta da damar komawa wani shago a cikin gari da yamma yadda maza za su yi, saboda haka ita ya kamata a fara nema wa mafaka.

Hanyar da ba a bi

A kowane taro za a sami wanda zai ce, "Mu ci gaba a ɓoye mana, wa zai sani?" Za a sani. A Colby an gano wani reshe da ke aiki a ɓoye a 1990, aka hukunta ɗalibai da dama, suka je kotu, kotu ta bar hukuncin makaranta yadda yake. Can ke nan, inda abin ya tsaya a dakatarwa. A Nijeriya ƙungiyar ɗalibai da ke taro a ɓoye sunanta ɗaya a wurin jami'an tsaro, kuma sashe na 38(4) na tsarin mulki ya fito fili cewa babu wanda ke da 'yancin kafa ƙungiyar asiri ko shiga cikinta.

Tarihinmu ya nuna inda hanyar take kaiwa. Ƙungiyar Pyrates da ɗalibai bakwai suka kafa a kwalejin jami'a ta Ibadan a 1952, cikinsu da Wole Soyinka, ta fara ne da adawa da ƙabilanci da girman kan 'yan boko. Aka sami ɓaraka, Buccaneers ta ɓalle a 1972, Black Axe ta fito a Benin a 1977. Su Pyrates da kansu suka janye daga makarantu a 1984. Waɗanda suka rage suka ƙara nutsewa, har aka kai ga daren 10 ga Yulin 1999 da aka kashe ɗalibai biyar a jami'ar Ile-Ife.

Dalilin lalacewar a fili yake, kuma ba sai mutanen sun kasance miyagu tun farko ba. Ƙungiyar ɓoye ba ta da uban ƙungiya da zai tsawatar. Ba ta iya yin zaɓe a fili, don haka mai ƙarfi ne ke naɗa magajinsa. Ba ta rubuta lissafi, don rubutu hujja ne. Wanda aka cuta a ciki ba ya iya kai ƙara, domin zai tona kansa. Kuma tunda tsoronta shi ne a fallasa ta, dole ta gwada amincin sabon shiga, daga nan rantsuwa da gwale-gwale suke shigowa. Waɗanda suka kafa ta suna kammalawa su tafi, su bar wannan tsari a hannun yaran da ba su san dalilin farko ba.

Hanyoyin da ake bi

Ta farko, zama a fili a wajen makaranta. Rassan maza na jami'ar Colorado da ke Boulder sun yi haka a 2005, bayan mutuwar wani sabon shiga a 2004: jami'a ta gindaya sharuɗɗa, suka ƙi, suka kafa majalisarsu mai zaman kanta. Sun iya ne don gidajen nasu ne, uwayen ƙungiyoyinsu kuma ba su janye suna da inshora ba. A Zariya wannan hanya ba ta buɗe sai in takardar ba ta haramta zama mamba ba, kuma kun sami hakan a rubuce. Ko a Danraka ko Palladan kuke taro, littafin dokokin ɗalibai yana kanku. Sannan sai kun tanadi sabon suna marar sunan jami'a, adireshi sananne, taro da rana, babban mutum da ya yarda ya tsaya muku, da sanar da mai unguwa. Ba ma ba ƙaramar ƙungiya shawarar wannan hanya. Haya da zirga-zirga kaɗai za su cinye ta.

Ta biyu, a raba ayyukan ga waɗanda ke da rajista. Ku rubuta abin da ƙungiyar ke yi wa mutane a zahiri, ban da taro da muƙamai: tarbar sababbin ɗalibai da nuna musu hanyar rajista da neman ɗaki, darasin ƙari kafin jarrabawa, bin kuɗin tallafin karatu na jiha, haɗa motar tafiya gida lokacin hutu, buɗa-baki da azumi, ziyarar marar lafiya. Kowanne a nema masa gida. Darasin ƙari ya koma ƙungiyar sashe, buɗa-baki ya koma masallaci, tallafin karatu ya koma hannun tsofaffin ɗalibai. Makarantun Amurka da sokewarsu ta zauna lafiya su ne waɗanda suka cike gurbin: Williams ta ɗauki nauyin kwana da abincin ɗaliban da a da rassan ke ciyarwa, Bowdoin ta mayar da tsofaffin gidajen rassa gidajen taruwar ɗalibai da kowa ke da damar shiga. Inda aka soke aka bar rami, ɗalibai ne suka cike shi da abin da ya fi na da muni. Wannan hujja ce da za ku iya sawa a wasiƙarku.

Ta uku ita ce mafi ɗorewa: ƙungiyar ta koma ta tsofaffin ɗalibai. Jami'a ba ta da iko a kan wanda ya kammala. Misalin yana nan cikin gari. Kwalejin Barewa ta fara a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta zo Zariya a 1949, ta canza suna fiye da sau ɗaya, amma ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta ba ta dogara da izinin wani shugaban makaranta ba, shi ya sa ta ga bayan duk waɗannan sauye-sauye.

Yin rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, yana ƙarƙashin sashen amintattu na dokar kamfanoni ta 2020. Ana buƙatar amintattu biyu ko fiye, manya masu hankali, waɗanda ba a same su da laifin zamba ko rashin gaskiya ba cikin shekara biyar da suka wuce. Ana neman amincewa da suna, a haɗa kundin tsarin mulki da bayanin taron da aka zaɓi amintattun, a buga sanarwa a jaridu biyu na kullum, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Idan sunan jami'a yana cikin sunan da kuka zaɓa, ku sa ran za a nemi yardarta, don haka ya fi sauƙi ku guje shi. Amintattu su zama waɗanda suka kammala kuma suke da mazauni tsayayye, uku ko biyar don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki, kada kuma su fito daga aji ɗaya duka. Wajen buɗe asusu banki zai iya neman takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Ku sani tun yanzu cewa duk abin da ya shiga hannun amintattu ya fita daga rabo: in an rushe ƙungiya mai irin wannan rajista, doka ta ce ragowar dukiya ta tafi ga wata mai manufa irin tata. Akwai kuma rahoton shekara-shekara da ake miƙa wa hukumar, wanda ƙungiyoyi ke mantawa har tara ta taru.

Iyakar wannan hanya ita ce kada ta zama ƙofar baya. Tsofaffin ɗalibai na iya biya wa yaro kuɗin makaranta, su nema masa wurin koyon aiki, su gayyace shi taron Salla a gida. In suka fara naɗa "wakili" a ɗakunan kwana na Suleiman ko Danfodio yana tara sunaye yana karɓar kuɗi, an koma hanyar ɓoye, kuma yaron ne zai fuskanci kwamiti, ba su ba.

Idan kuna fatan dawowa

Ku yi lissafin shekaru. Ƙungiyar da aka hana ɗaukar sababbi tana rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mambobinta kowace shekara. Bayan shekara huɗu sai 'yan injiniya da lauya masu shekara biyar, da 'yan likitanci masu shida. Swarthmore da wannan lissafi ta rufe reshen mata ɗaya da take da shi: ta bar na ciki su ci gaba har 2022, ba sabon shiga. Saboda haka duk neman dawowa da za a yi, a yi shi cikin shekara biyun farko, tun akwai 'yan aji ɗaya da aji biyu da suka san yadda ake tafiyar da abin. Su ya kamata a sa a kwamitin rufe lissafi, ba 'yan ajin ƙarshe kaɗai ba.

Dawowa da sabon suna da sabon tsari ba abin kunya ba ne. Gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, a 1978, NANS ta maye gurbinta a 1980. Abin da ofis zai nema a ranar da kuka koma shi ne shaidar cewa kun rufe da tsabta. Don haka a haɗa fayil ɗaya: takardar sokewa, wasiƙun da kuka aika da amsoshinsu, bayanin taron ƙarshe, lissafin kuɗi da sa hannun kwamiti, rasit na kowane bashi da aka biya, takardar rufe asusu, da takardar mayar da kaya da makulli. A yi kwafi uku, ɗaya wurin uban ƙungiya, ɗaya wurin amintattu ko uwar ƙungiya, ɗaya a ɗauki hotonsa a ajiye a imel ɗin da aƙalla mutum biyu ke da kalmar sirrinsa.